Gargaɗi Ga Masu Ɗinki a Damtse: Kada Ku Ɗaga Nauyi, Kada Ku Ɓoye Ciwo

An yi miki aikin rage damtse? An yanke fatar nan mai reto, an ɗinke tun daga hammata har kusa da gwiwar hannu? Ko kitsen kawai aka zuƙe? To, ajiye abin da ke hannunki. Da ke nake. Kai ma da ka sauke ƙiba, fata ta saki, ka je aka gyara maka, kada ka ce zancen mata ne. Wuƙar ɗaya ce, ɗinkin ɗaya ne.

Tashi yanzu ki je gaban madubi. Duba hannayen biyu. Girmansu ɗaya, ko ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa? Bandejin a bushe yake? Yana wari? Kada ki tsaya neman ja, domin a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Taɓa gefen ɗinkin da bayan yatsu. Ya fi sauran jiki zafi? Ya yi tauri? Yana sheƙi? Ɗaga hannun kaɗan ki leƙa hammata. Bakin ɗinkin a haɗe yake, ko ya fara buɗewa? Yatsunki fa, suna motsi yadda suka saba? Zoben da ke shiga jiya, yau yana fita?

Idan kin ga matsala a ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki jira ƙarshen rubutun nan. Ɗauki waya ki kira likitan da ya yi aikin. Bai ɗauka ba? Tafi asibiti. Yau. Ba gobe da safe ba, ba sai maigida ya dawo daga tafiya ba.

Idan kuwa komai lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma zauna, domin ke ce kika fi ba ni tsoro. Wadda ciwo ya kwantar ba ta ɗaga komai. Wadda ta ji sauƙi ita ke ɓarna. Kwana 10, kwana 14, zafi ya ragu, fata ta haɗe, an cire 'yar robar da ke tsotse ruwa. Sai zuciya ta ce an warke. Sai a ɗauko takalmin motsa jiki. Sai a ce bari a ɗan taɓa kaɗan, kada ƙibar ta dawo.

Ba a warke ba! Ido ne ke yaudara. Fatar sama takan rufe cikin 'yan kwanaki, amma ƙarfin ɗinki daga ciki yake zuwa, daga zaruruwan da jiki ke saƙawa a hankali don haɗa naman da aka raba. Likitocin tiyata sun daɗe da auna wannan. A ƙarshen makon farko, ƙarfin wurin bai kai kashi 5 cikin 100 na lafiyayyar fata ba. A mako na 3, wajen kashi 20 zuwa 30 ne kawai. Sai an yi kusan wata 3 zai kai wajen kashi 80, kuma a nan yake tsayawa har abada. Sake karanta lissafin. A ranar da kike jin kin warke, zare ne ke riƙe da hannunki. Kamar daɓen siminti ne: samansa ya bushe, cikinsa ɗanye, ka taka ka bar sawu.

Kuma a duk jikin mutum, ina ya kai hammata wahalar warkewa? Wuri ne mai gumi. Wuri ne mai gashi da ƙwayoyin cuta. Wuri ne da ba ya hutawa: ki miƙa hannu ya ja, ki sauke ya naɗe. Ga shi likita ya rage fata ya ja ragowar ya ɗinke, ke nan tun farko a ɗame take. Shi ya sa idan ɗinkin damtse zai farke, a hammata ya fi farkewa. Miƙa ɗaya tak ya isa. Jakar da ke saman kabad. Ƙarfen da aka ɗaga sama da kai. Sai ki ji ɗan zafi kamar tsinke, sai ki ga danshi a riga.

Me zai biyo baya? Miki buɗaɗɗe a hammata, wanda ba kullum ake sake ɗinke shi ba. Sau da yawa barinsa ake ya ciko da kansa daga ƙasa, ana wanke shi ana sa magani kullum, makonni a jere. Kin so ki koma motsa jiki mako 2 da wuri, kin jawo wa kanki zaman wata 2. Tabon da aka yi miki alkawarin zai zama siriri ya zama faffaɗa. Kuɗin da kika kashe fa? Sauri ya haifi nawa.

Ba farkewa kaɗai ba. Motsa jiki mai ƙarfi yana ɗaga bugun zuciya, yana ɗaga hawan jini. Ƙananan jijiyoyin da aka toshe lokacin aiki suna iya ɓallewa, jini ya taru a ƙarƙashin fata. Za ki ga hannu ɗaya ya kumbura cikin 'yan awoyi, ya yi tauri, ya yi duhu, zafi na ƙaruwa maimakon raguwa. Wannan ba na jira ba ne. Akwai kuma taruwar ruwa. An ɗaga fata daga kan nama, kuma tana buƙatar zama shiru kafin ta sake mannewa. Kina ta motsa hannu, tana ta zamewa, ruwa na cika ratar da ke tsakani. Idan kin taɓa sai ki ji yana lumtsuwa yana kai-komo. Likita ne zai zuƙe shi da sirinji, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Kada ki huda. Kada ki matse. Kada ki bar wata ƙawa ta gwada miki dabara.

To yaushe za a koma? Maganar likitanki ita ce gaba da ta kowa, gaba da tawa, gaba da ta kocin ɗakin motsa jiki, gaba da ta wata mai bidiyo a TikTok da ta ce ita kwana 10 ta yi ta koma. Shi ya ga abin da ya yanke. Amma ga abin da akasarin likitocin wannan fanni suka tafi a kai. Makonni 2 na farko, tafiya a hankali kawai, gwiwar hannu ba ta wuce kafaɗa. Daga mako na 3, idan ɗinki lafiya kuma an ba ki izini, a ƙara saurin tafiya, ko a hau keken motsa jiki ba tare da dogara nauyi a kan hannu ba. Ɗaga ƙarfe, dogara da tafin hannu a ƙasa ana sama ana ƙasa, rataya a sanda, tsallen igiya, ƙwallon raga, duk sai bayan mako 6, wasu ma sai 8. Ninƙaya sai miki ya rufe ruf, babu ko ɓawo. In an koma, da mafi ƙanƙantar ƙarfe za a fara, ba da wanda aka saba ba. Kin ji ja? Tsaya. Kin ga kumburi ya ƙaru da daddare? Kin wuce gona da iri, koma baya.

Na san abin da wata za ta ce. Ni ai ba na zuwa jim, wato ɗakin motsa jiki, wannan bai shafe ni ba. Hajiya, ke ya fi shafa. Hannunki bai san bambancin ƙarfen jim da bokitin ruwa ba. Likitoci da dama kan hana ɗaga abin da ya wuce kilo 2 zuwa 5 har mako 4 zuwa 6. Yanzu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Jakar fiya-wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce. Yaro ɗan shekara ɗaya ya kai kilo 9 ko 10, kuma ba a zaune yake shiru ba, zillo yake. Ki sunkuya ki cilla shi baya ki ja zani ki ɗaure, ina hannun nan bai je ba?

Tuƙin tuwo fa? Muciya a cikin tukunyar gidan mutum 10, tuwo ya yi kauri, kina juyawa da dukkan ƙarfin damtse. Wane ƙarfe ne a jim ya fi wannan? Daka fa, taɓarya sama da kai, sama da ƙasa, sama da ƙasa? Matse zannuwan gado. Shanya a igiya mai tsawo. Shara da goge tayil. Tsefe kai da ɗaurin ɗankwali, hannu biyu a sama minti 15 a gaban madubi. Riƙe ƙarfen saman adaidaita-sahu, direba ya faɗa rami, jikinki gaba ɗaya ya rataya a hammata. Duk waɗannan motsa jiki ne. Duk suna farke ɗinki. Nemi mai taya ki aiki. Roƙi ƙanwarki ta zo ta zauna. Sauko da kayan da kike buƙata ƙasa-ƙasa tun yau. Sa riga mai buɗewa ta gaba, ki bar wadda ake zurawa ta kai.

Salla ma a kula. Wajen sujada da tasowa, nauyin jiki kan sauka a hannu. Addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, yana iya salla a zaune. Tambayi likita tsawon lokacin da za ki kiyaye, ki tambayi malami yadda ake shafa a kan bandeji wajen alwala da wanka. Kada ki jiƙa ɗinki saboda kunyar tambaya.

Masu shirin biki, ku ma ku ji. An yi aiki saura mako 3 a ɗaura aure, don hannu ya shiga rigar amarya ko anko. Ga kamu, ga dina, ga rawa hannu a sama, ga 'yan'uwa na rungume ki suna jan damtse. Wa zai kare miki ɗinkin a cikin wannan turmutsitsi? Idan ba a riga an yi aikin ba, ɗaga shi zuwa bayan biki. Idan an riga an yi, zauna a kujera. Bari a ce amarya ta cika kunya.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, kuma shi ne mai kisa. Kada jin an ce a huta ya sa ki kwanta kamar gawa. Hannu aka ce ya huta, ba ƙafa ba. Bayan kowace tiyata jini ya fi saurin daskarewa. Idan mutum ya kwanta bai motsa ba, gudan jini na iya haɗuwa a jijiyar ƙafa. Gudan nan in ya ɓalle, huhu yake nufa. Mutum na zaune ana hira, sai numfashi ya gagara. Don haka tashi ki taka tun ranar farko, in likita bai hana ba. Daga ɗaki zuwa falo. Daga falo zuwa tsakar gida. Kowace awa ɗaya ko biyu in kina farke. Sha ruwa sosai. Sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura? Tana ciwo, tana zafi? Kada ki murza. Kada ki ce jijiya ce ta harɗe. Ƙirji na suka? Numfashi na sama-sama? Tari da jini? Zuciya na gudu ba dalili? Ba a kiran kowa a yi shawara. A ɗauke ki zuwa sashen gaggawa a wannan minti.

Waɗanda suka je waje aka yi musu, Istanbul ko Alƙahira ko Dubai ko Indiya, haɗarinku ninki ne. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana kusan ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Daga Istanbul zuwa Abuja ya haura awa 6 a sama. Ga sabon ɗinki, ga zama wuri ɗaya, ga akwatunan tsaraba. Wa zai ɗora miki jaka a ma'ajiyar saman kujera? Kada ki kuskura. Roƙi wani. Kada ki ja akwati daga kan bel. Kada ki hau jirgi sai likita ya ce kin isa. A cikin jirgin ki riƙa tashi kina takawa. Kuma kafin ki baro can, karɓi takardar bayanin aikin: me aka yi, wane zare aka sa, waɗanne magunguna aka ba ki. Likitan da ke amsa saƙon WhatsApp daga wata nahiya ba zai iya taɓa hannunki ya ji zafinsa ba. Nemi likitan gida da zai riƙa duba ki tun kafin matsala ta zo.

Maganin kashe zafi, a yi hattara. Zafi shi ne ɗan aiken da ke gaya miki ki tsaya. Ki sha tiramadol ki tafi motsa jiki, kin kori ɗan aike, ɓarna na ci ba ki sani ba. Asfirin da dangin su diklofenak da ibufurofen suna iya ƙara zubar jini, kada ki sha sai da izinin likita. Kada ki tuƙa mota kina kan magani mai sa barci, ko hannunki bai iya juya sitiyari da sauri ba.

Gashi kuma, a bar shi. Na san mun saba, abu ya kumbura a gasa da ruwan zafi da tsumma. A nan haɗari ne. Bayan wannan aiki fatar cikin damtse takan mutu da ji na makonni ko watanni, saboda ƙananan jijiyoyin ji da aka taɓa. Ruwan da zai sa ki ihu a ƙafa, a damtse ba za ki ji shi ba sai fata ta saluɓe. Ƙuna a kan ɗinki! Ƙanƙara kai tsaye ma haka. Man zafi, a'a. Fasa kafsol a barbaɗa a miki, a'a. Alimun, turaren hammata, humra, reza, man cire gashi, duk su jira sai likita ya ce wurin ya rufe. Man bilicin, musamman mai sinadarin sitiroyid, yana sirantar da fata yana hana miki haɗewa. Kina shafawa? Gaya wa likita gaskiya. Sigari da shisha suna tsuke jijiyoyin da ke kai jini bakin ɗinki, fatar da jini bai isa ba kuwa mutuwa take, ta yi baƙi. Mai ciwon suga, auna sugarki kullum. Wadda aka yi wa aikin rage tumbi, ci ƙwai da kifi da wake da nama, jiki ba ya ɗinke kansa da yunwa. Wannan ba lokacin rage cin abinci ba ne.

Rigar matsin da aka ba ki, sa ta yadda aka ce, galibi mako 4 zuwa 6. Na san zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, ma'auni na haura 40, ga wuta babu. Duk da haka kada ki yar da ita. Samu biyu, ki wanke ɗaya ki sa ɗaya, ki bar hammata a bushe. Amma in ta matse har yatsu suka yi sanyi, suka dushe, suka mutu, sassauta ta nan take ki kira likita. Cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi ya kama su. In za ki kwanta, ɗora hannayen a kan matasai.

Tabo fa? Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu, da wanda ke tsiro ya wuce iyakar yankan, irin wanda ake gani a kunnen wasu bayan huji. Ja da ɗamewa suna ƙara shi. Duk miƙar da kika yi kafin lokaci, a tabon za ta fito, kuma tabon damtse doguwar hanya ce da ba ta ɓuya. Yakan ɗauki shekara ɗaya ko fiye kafin ya kwanta. Kin ga ya fara tudu, yana ƙaiƙayi, yana kauri? Koma tun yana ƙarami. Akwai abin mannawa na silikon, akwai allura. Kare shi daga rana.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi duk waɗannan cin mutane a wurinmu. Kunya. Da yawa a ɓoye suka yi aikin nan. An ce wa dangi an tafi duba lafiya, ko sarin kaya. Uwa ba ta sani ba. Kishiya kada ta ji. Wata ko mijin bai sani ba. To ɗinki ya fara ruwa, wa za a gaya wa? Sai a yi shiru. Sai a sa doguwar riga. Sai a aiki yaro kemis ya sayo ampikulos. Kwana ɗaya, kwana biyu, zazzaɓi ya shigo, a ce maleriya ce. Har da ɗaukar bokiti a gaban mutane don kada a gane akwai wani abu. 'Yar'uwa, me kike karewa? Surutun mutane na kwana nawa ne? Ƙwayar cuta a cikin miki ba ta san sirri ba. Daga miki take shiga nama, daga nama ta shiga jini, in ta shiga jini kuwa awoyi ake lissafawa.

Kada wanda ya ce miki ai ɗan gyaran jiki ne, ba ya kisa. A watan Oktoban 2005 uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifen bayan aikin zuƙe kitse, kuma a 2009 wata kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci. Nata ba na hannu ba ne, amma tiyata tiyata ce. Matar shugaban ƙasa ke nan, a Turai. Ke da ke ɓoye zazzaɓi a ɗaki, wa ke duba ki?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zaɓi mutum ɗaya a gidan da kika amince da shi, ki gaya masa yau. Ya san aikin da aka yi, ya san lambar likita, ya san asibitin da za a nufa da tsakar dare. Sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye. Ya kai 38? Ana rawar ɗari? Miki na fitar da mugunya? Kada ki sha maganin maleriya ki kwanta.

Idan ɗinki ya buɗe, rufe shi da gos mai tsabta, kada ki zuba komai. Idan jini ne, danna da tsumma mai tsabta, ki riƙe, a tafi da ke a haka. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, suna da sashen gaggawa da likitocin tiyata. In sun yi miki nisa, je babban asibitin da ya fi kusa. Kin isa, kada ki yi kwana-kwana. Faɗi aikin da aka yi, da ranar da aka yi shi, da ƙasar da aka yi shi, da duk abin da kika sha ko kika shafa, har da na kemis da na gargajiya. Faɗi abin da kika ɗaga. Miƙa takardar. Kina jin ƙirji ko numfashi, fara da wannan tun daga bakin ƙofa.